In Aka Ce Ki Siffanta Ɗanki

Ina gaida na cikin garin Zuru, ina gaida na Dabai da Rikoto da Senchi, har su Mahuta da Ribah da Dirin Daji, duk inda muryar nan ta kai. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai tsinkar zogale ma haka, amma yau a ɗan matso da rediyon kusa. In akwai ɗan makaranta a gida, a ce ya kawo biro da takarda, don akwai abin rubutawa.

Bari in fara da tambaya. Ki rufe ido, ki kawo ɗanki a zuciyarki, ko ɗiyarki, ko maigida. To, wani baƙo ya tsaya a zaure, bai taɓa ganinsa ba, ya aiko ki siffanta masa shi yadda zai gane shi a tsakiyar taron Uhola. Me za ki ce? Na gwada wannan tambaya a kan mata da dama, kuma amsar kusan ɗaya ce: "Baƙi ne, ba dogo ba ba gajere ba, yaron kirki, ba ruwansa." To ai uwar ɗaki, kin siffanta rabin samarin Zuru ke nan. Kirki kuwa ba a ganinsa a fuska.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, wata baiwar Allah ce a nan ƙasar tamu, ba zan faɗi unguwarta ba. Ɗanta na fari ya bar gida shekara huɗu ke nan. Ya bi ta Agadas, ya ratsa Aljeriya, kiran ƙarshe da ya yi daga Maroko ya yi shi, ya ce yana jiran ƙetarawa Sifaniya. Daga nan shiru. Kwanan baya sai ga wani da ba ta sani ba ya turo hoton wata takarda ta wayar ƙanwar yaron, ya ce ga shaida, ɗanta na kwance a asibiti a can ba ya magana, a turo kuɗi cikin gaggawa. Takardar da Sifaniyanci aka rubuta ta, ba mai iya karantawa a gidan. Har ta sa an yi wa awakinta biyu kuɗi, ta ciro 'yan kunnenta. Sai wata maƙwabciya ta tuna cewa na taɓa zama a inda ake jin wannan harshe, aka aiko mini yarinyar da wayar.

Ni ba malamar Sifaniyanci ba ce, kada a ɗora mini rawanin da ya fi kaina. Zaman aure ne ya kai ni Malabo, a tsibirin da a da ake kira Fernando Po, wanda mutanen kudancin ƙasar nan suke ce wa Panya. Ƙasar ita ce Ikwatoriyal Gini, Sifaniya ta mulke ta har 1968, kuma har gobe Sifaniyanci ne harshen hukuma a can. Akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a wurin. Abin da na tsinta, a bakin maƙwabta da wajen awon ciki na tsince shi.

Na duba takardar. Ta ce namiji, matashi, dogo, siriri, yana da tabo a hannun dama. Na aika a tambayi uwar, ina tabon ɗanki yake? Ta ce a ƙafar hagu, ƙunar kunu ce tun yana rarrafe, hannunsa kuwa lafiya lau. Dogo ne? Ta ce ina, gajere ne kakkaura, ubansa sak. To kun ji. Ko dai takardar ta wani ɗan mutane ce daban, ko kuma haɗa ta aka yi don a ci kuɗinta. Kalma biyar kacal ta tsare mata awakinta. Ban ce ta yi murna ba, don da ta so a ce shi ɗin ne, ko da a kwance. Amma dai ba a haɗa mata rashin ɗa da rashin dukiya ba.

Wata za ta ce, ni da ke cikin ɗaki, ina ni ina Sifaniya? Allah ya sa kada ki buƙata. Amma mu mutanen Zuru mun san tafiya. Gida nawa ne ba su ba da soja ba? Yanzu kuma ga tafiyar neman kuɗi ta shigo, kuma Sifaniya ita ce ƙasar Turai da ta fi kusa da Afirka. Ruwan da ya raba ta da Maroko, a inda ya fi ƙunci, bai wuce kilomita 14 ba. Tana da garuruwa biyu, Seuta da Meliya, a kan ƙasar Afirka ma suke, an kewaye su da dogon shingen waya. A watan Yunin 2022 mutum aƙalla 23 suka rasu a rana ɗaya wajen ƙoƙarin haura shingen Meliya. Ga kuma tsibiran Kanari a cikin teku, inda mutum fiye da 46,000 suka isa da kwale-kwale a 2024 kaɗai. A Nuwamban 2022 wasu 'yan Nijeriya uku suka isa can bayan kwana 11 suna zaune a kan ƙarfen da ke juya jirgin dakon mai daga Legas, ƙafafunsu na reto a saman ruwa. Waɗannan sun isa da rai. Akwai waɗanda ake binnewa a tsibiran ba suna, sai lamba. Kowanensu yana da uwa a wani gari.

To mu shiga karatu. Albishirinku, wadda ta iya karanta Hausar boko ta riga ta ci rabin hanya, domin wasulansu biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa, ba irin Turancin Ingilishi ba da za a rubuta abu guda a faɗi wani. Haruffa kaɗan ne za su ruɗe ki. Harafin j ba ja ba ne a wurinsu, ana fitar da shi daga maƙogwaro kamar ha mai ruwa da muka koya a allo. Harafin h ba a faɗarsa sam. Harafin v kamar b yake. In kin ga l biyu a jere, ki ce ya. Harafin z kuwa ki ce sa, za a gane ki.

Dogo, alto. Doguwa, alta. Gajere ana rubuta bajo, a ce baho, gajeriya baha. Mai ƙiba, gordo, mace gorda. Siriri, delgado, siririya delgada. Kun lura da wani abu? Namiji ya ƙare da o, mace ta ƙare da a, kamar yadda muke cewa dogo da doguwa. Ranar da na gane haka a Malabo dariya na yi, na ce ashe su ma sun san mace da a take tafiya. Matashi, joven, a ce hoben, mace ko namiji duk ɗaya. Tsoho viejo ne, a ce biyeho, sai dai kalmar tana da ɗan kaushi, kamar ka ce wa dattijo tsohon nan. Ta ladabi ita ce mayor. Yaro ninyo, yarinya ninya. A takardar asibiti ko ta 'yan sanda, namiji varón za ki gani, a ce baron, mace kuma mujer, a ce muher.

Ginin maganar ma irin namu ne. In za ki ce dogo ne, sai ki ce es alto. In za ki ce yana da abu, sai ki ce tiene, wato tiyene. Tiene barba, yana da gemu. Tiene bigote, yana da gashin baki. Tiene gafas, yana da tabarau. Har shekaru da tiene ake faɗa, kamar yadda muke cewa yana da shekara 25. Mai sanƙo kuma calvo, a ce kalbo.

Amma ku saurara da kyau. Ƙiba da rama da gemu ba abin dogara ba ne. Yaron da ya bar gida da kumatu, in ya ratsa Sahara ya kwana a daji wata shida, ke kanki sai kin duba sau biyu. Wanda ya tafi ba gemu zai iya tara shi. Tsawo ne ba ya canzawa ga wanda ya gama girma. Su kuma can ba sa cewa tsaka-tsaki su yi shiru, da mita suke aunawa, za ki ga an rubuta 1,70, wato mita ɗaya da santimita saba'in. In ɗanki ba ya nan, ki tuna wa yake kai ɗaya da shi a gidan, wansa ko ƙanen ubansa, a tsayar da wannan a jikin bango a auna da tef ɗin tela. Ba tsada, ba wahala.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato launin fata, don nan ne Hausa ke iya kai mu ta baro. Mu a wurinmu akwai baƙi, akwai baƙi wuluk, akwai wankan tarwaɗa, akwai ja, akwai fari, har da fari tas. Uwa za ta ce ɗana fari ne, tana nufin ya fi 'yan'uwansa haske. Tafinta in bai yi hankali ba sai ya juya ta kai tsaye ya ce blanco. To blanco a wurinsu Bature ne. An rubuta blanco, an gama, za a yi ta neman Bature, ɗanki kuwa yana kwance a gado na gaba ba wanda ya kalle shi. A idonsu, da fararenmu da baƙaƙenmu duk negro ne, kuma a harshensu kalmar launi ce kawai, baƙi. Fata ita ce piel, a ce piyel. Saboda haka ki fara da piel negra, baƙar fata, sannan in mai haske ne a ƙara clara, wato kilara, in mai duhu ne sosai a ce oscura, oskura. Akwai wata kalma, moreno, za ku ji ta da yawa. Ni ba na son ta a wajen cigiya, domin tana iya nufin baƙin mutum, tana iya nufin Baturen da rana ta gasa, tana iya nufin mai baƙin gashi kawai. Kalmar da ke da fuska uku ba ta cigiya ba ce.

Abin da ke raba mutum da dubu shi ne tabo. Ku rubuta wannan da manyan baƙi: cicatriz, a ce sikatiris. Tabo ke nan. Ƙuna, quemadura, a ce kemadura. Tawadar Allah, lunar. Sai kuma kalmomi biyun da suka ceci awakin baiwar Allah nan: dama, derecha, a ce dereca, hagu, izquierda, a ce iskiyerda. Ku maimaita. Dereca, dama. Iskiyerda, hagu. Kuma hagun mai jikin ake nufi, ba hagunki ke mai kallonsa ba. Mata da yawa a nan suke kuskure, musamman in hoto suke dubawa.

Sai a ina tabon yake. Fuska, cara, kara. Goshi, frente. Gira, ceja, seha. Ido, ojo, oho. Hanci, nariz, naris. Baki, boca, boka, ba bokan magani ba. Kunne, oreja, oreha. Kunci, mejilla, mehiya. Hannu daga wuyansa zuwa yatsu mano ne, daga kafaɗa kuwa brazo, braso. Mu hannu ɗaya muke ce wa duka, su sun raba. Ƙafa ma haka: ta takawa pie, piye, daga cinya zuwa idon sawu kuma pierna, piyerna. Yatsa, dedo. Da an tambayi baiwar Allah nan, abin da za a rubuta mata shi ne, tiene una quemadura en la pierna izquierda, yana da ƙuna a ƙafar hagu.

Mu a ƙasar nan muna da wata shaida ta daban. Tsaga. Bahaushe na da bille da kalangu da 'yan baka, dattawanmu Lelna, waɗanda Hausa ke kira Dakarkari, suna da tasu, haka sauran ƙabilun masarautar. Yaran yanzu ba kasafai ake yi musu ba, amma akwai tsagar magani da wanzami ya yi a ciki ko a ƙirji, akwai sawun ƙaho a baya. In kika ce bille, ba tafintan da zai samo miki kalmarsa a Sifaniyanci. Sai dai ki bayyana: tsaga nawa, a wane kunci, a tsaye ko a karkace, daga ina zuwa ina. Ƙidaya kaɗan ta isa: uno, dos, tres, ɗaya, biyu, uku. Tres cicatrices, tabo uku. In da hali ma a zana fuska a takarda a ja layukan inda suke.

Kada a manta haƙora, dientes, diyentes. Wushirya su ba su ba ta suna mai daɗi irin namu ba, sai su ce dientes separados, haƙora a rabe. Mai giɓi, le falta un diente, haƙori ɗaya babu. Zan faɗi wata magana mai nauyi, ku yi haƙuri da ni. Masu binciken gawa sun fi dogara da haƙori da tsohuwar karaya, domin su ne ke daɗewa bayan fuska ta tafi. In ɗanki ya taɓa karyewa aka kai shi wajen maɗori, ki faɗa, ko da ya warke sarai. Mai ɗingishi, cojea, koheya. Bahago, zurdo, a ce surdo. A kula, sordo da o kurma ne, wasali ɗaya ya raba su.

Kalmomi huɗu kuma da nake addu'a ku san su amma kada ku gamu da uku daga ciki. Desaparecido, desaparesido, wanda ya ɓata. Herido, erido, wanda ya ji rauni. Fallecido, fayesido, wanda ya rasu. Vivo, bibo, mai rai. In takarda ta zo, su za ki fara nema.

Bari mu ɗan sha iska. Kun san harshen nan yana da dangantaka da namu ta wajen Larabci? Musulmi sun shiga ƙasar a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, ita ce Andalus da malamai ke ambata, kuma mulkinsu na ƙarshe a Garanada bai faɗi ba sai 1492. Sun bar dubban kalmomi. Shugaban gari a wurinsu alcalde ne, tushensa ɗaya da alƙalinmu. Sukari, azúcar. Kalmar alcohol, da asalinta kwalli take nufi, wannan dai na idonmu, kafin ta koma sunan abin sa maye. In za su ce wane, sai su ce fulano. Na daɗe ina zaton Fulani suke zagi, ashe fulan ce ta Larabci. In kuma suna fatan abu, sai su ce ojalá, ohala, akwai sunan Allah a cikinta, ko da yawancinsu ba sa tunawa.

Sai maganar kunya. Da aka tambayi baiwar Allah nan sunan yaron, shiru ta yi, sai ƙanwarsa ce ta faɗa. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Alkunya abu ne mai kyau, ni ma da ita aka raine ni, amma ban ga amfaninta a gaban mai cika takardar cigiya ba. Ki faɗi sunan yanka, ki faɗi sunan da ake kiransa a gida, ki faɗi wanda abokai suka laƙaba masa, domin matafiya kan canza suna a hanya, wasu har ƙasa suke canzawa, amma laƙabi yakan bi mutum. Wata kuma za ta ji nauyin cewa ɗanta na da cindo ko harara-garke ko in'ina, tana ganin tona asiri ne, ko tana tsoron giba. Malamai sun yi bayani, Imam Nawawi ya kawo a Riyadus Salihin, cewa ambaton mutum da irin wannan siffa don a gane shi, ba don a wulaƙanta shi ba, ba ya cikin gibar da aka hana. Abin da kike ɓoyewa ɗin nan, wataƙila shi kaɗai ne zai sa a gano shi.

In abin ya faru, ina za a dosa? Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana da sashen sada iyali, kuma kyauta ne. A Sifaniya sunanta Cruz Roja, Kurus Roha. Ba sabon aiki ba ne a wurinsu. A 2019 sun bayyana cewa 'yan Nijeriya kusan 22,000 aka kai musu cigiyarsu, galibi sanadin rikicin arewa maso gabas, fiye da kowace ƙasa a lokacin, kuma fiye da rabi yara ne sa'ad da suka ɓata. Tun 2013 kuma akwai wani shafi nasu a intanet, Trace the Face, don waɗanda suka ɓata a hanyar Turai. Hoton mai nema ake sawa a wurin, ba na wanda ya ɓata ba, don in yana raye ya gani ya gane nasa. In sa hotonki zai zama matsala a gida, a yi shawara da maigida, a sa nasa ko na wan yaron. Ba sai kin iya Sifaniyanci za su saurare ki ba. Amfanin kalmomin nan shi ne ki iya duba abin da aka rubuta da sunanki, ki kuma auna duk takardar da wani ya turo. Kuma duk wanda ya ce ɗanki na hannunsa, kada ki siffanta masa shi. Shi za ki ce ya faɗa miki inda tabon yake.

Jimla ɗaya ta ƙarshe, ko ba ki riƙe komai ba ki riƙe ta. Busco a mi hijo, busko a mi iho, ina neman ɗana. In ɗiya ce, iha. Se llama, se yama, sunansa, sai ki faɗi sunan.

Ga aikin gida. Yau da dare, bayan an ci tuwo, ki kira yaran ɗaya bayan ɗaya, ki duba su da fitila kamar ranar da aka haife su. Ɗan makaranta ya rubuta da Hausa: tsawo, launi, tabo da gefen da yake, haƙora, tsaga. A haɗa da hoto mai kyau wanda fuska ta fito, ba irin wanda waya ta goge ta mayar da yaro Balarabe ba. A sa a leda a ajiye cikin kwalla tare da katin rigakafi. Ba don Sifaniya kaɗai ba. Yaro kan ɓata a kasuwa, kan ɓata a tasha, kuma mun san halin da ƙauyukanmu na wajen Danko da Wasagu da Sakaba suka shiga a shekarun nan, yadda gudu ke raba uwa da ɗa cikin dare ɗaya.

Ita baiwar Allah, an cika mata takardar cigiya, da ƙunar ƙafar hagu da komai, kuma wannan karon da bakinta ta faɗi sunan. Har yanzu ba labari. Ku sa ta a addu'a.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki tufafi da launuka da ƙidaya har ɗari, don haka kada a yar da takardar yau. A gaida maigida, a shafa kan yara.